Tallafin Ƙasashen Waje da Ingancin Aikin Rigakafin Cutar Ƙanjamau

Gabatarwa

Wannan shafi bayani ne ga jama'ar Roni, Kazaure, Gwiwa da Babura, tare da jami'an ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya, a kan inda kuɗin yaƙi da cutar ƙanjamau ke fitowa, da sharuɗɗan da ke biye da su, da kuma hanyar gane aikin da ya amfani jama'a.

Asalin tallafin

An fara ba da rahoton ɓullar cutar a Nijeriya a shekarar 1986. A 2000 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin NACA, wanda ya zama cikakkiyar hukuma a 2007. Jihohi da ƙananan hukumomi su ma suka kafa nasu. Ta Jihar Jigawa ita ce JISACA. Mafi yawan kuɗin gwaji da magani daga waje suka riƙa zuwa, musamman daga Asusun Duniya na Yaƙi da Ƙanjamau da Tarin Fuka da Zazzaɓin Cizon Sauro, wanda aka kafa a 2002, da shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka, wanda aka ƙaddamar a 2003.

Yadda adadi ya zama ma'auni

Mai bayar da tallafi shi ma yana da waɗanda zai yi wa bayanin inda kuɗi suka tafi, don haka yakan nemi abin da ake iya ƙirgawa. PEPFAR ya fara da dala biliyan 15 na shekara biyar, da burin sa mutum miliyan 2 a kan magani, da hana miliyan 7 kamuwa, da kula da miliyan 10. Akan raba irin wannan buri ga ƙasashe, ƙasa ta raba wa jihohi, har ya sauko kan ma'aikacin asibitin ƙauye a matsayin adadin da zai cike kowane wata.

Adadi yana da amfaninsa, domin da shi ake gane inda aiki ya tsaya. A 2006 Asusun Duniya ya dakatar da tallafi biyu da yake ba Nijeriya, na kimanin dala miliyan 50, saboda rashin cim ma adadin da aka yi alkawari da kuma raunin bayanan da aka miƙa.

Inda adadi ke ɓoye gaskiya

Matsalar ita ce abin da ya fi sauƙin ƙirgawa ba lallai ne shi ya fi amfani ba. Ana iya tara mutum ɗari biyar ran kasuwa a yi musu jawabi, a rubuta cewa an wayar musu da kai, alhali ba wanda ya tashi da sanin inda zai je gwaji. Ana iya gwada mutum ɗaya sau uku a wurare daban, ya shiga rahoto a matsayin mutum uku. Ana iya gano mai juna biyu tana ɗauke da ƙwayar cutar, a sa sunanta a littafi, ta koma gida ta haihu ba wanda ya sake neman ta.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a Nijeriya, a Jigawa kuwa kashi 0.3, wato kusan mutum uku cikin dubu. A wuri irin wannan, gwajin jama'a barkatai kan cinye kayan aiki da yawa, a gano mutane ƙalilan. Abin da ya fi dacewa shi ne kai aikin inda ake buƙatarsa: wajen awon ciki, da masu fama da tarin fuka, da abokan zaman waɗanda aka gano, da masu shirin aure, da masu dawowa daga cin rani, da tashoshin mota irin na hanyar Kano zuwa Daura wadda ta ratsa Kazaure.

Alamomin aiki mai inganci

1. Ana yi wa mutum bayani da harshen da yake ji, kafin gwaji da bayansa.
2. Ana rufa masa asiri. A ƙauye kowa ya san kowa, kuma magana ɗaya in ta fita, sai jama'a su ƙaurace wa asibiti. Dokar tarayya ta 2014 ta haramta nuna bambanci ga masu ɗauke da cutar.
3. Wanda aka gano yana fara magani ba tare da jinkiri ba, kuma ana bibiyar sa in ya daina zuwa.
4. Mai juna biyu tana shan magani har ta haihu ta gama shayarwa, a gwada jariri tun yana mako shida. In babu magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari kan kamu. Da magani kuwa adadin kan sauka ƙasa da 5.
5. Kayan gwaji da magani ba sa yankewa.

Hakkin jami'ai da shugabannin al'umma

Duk lokacin da aka kawo rahoto, bai kamata shugaban sashen lafiya ko kansila ko hakimi ya tsaya a kan tambayar mutum nawa aka gwada ba. Ya ƙara da cewa: nawa aka gano? Nawa suka fara magani? Nawa ke kansa bayan shekara guda? Jarirai nawa aka haifa lafiya? Adadi kawai za a tambaya, ba sunaye ba. Haka kuma kada a matsa wa ma'aikaci har ya ga gara ya ƙara lamba da ya faɗi gaskiya, domin da rahotonsa ake ƙiyasta maganin da za a turo.

Makomar aikin

A Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta ga ƙasashen waje, a shekarar kuma aka rufe hukumar USAID. Nijeriya ta ware dala miliyan 200 a kasafin 2025 don rage giɓin da hakan ya haifar a fannin lafiya. Wannan ya nuna cewa tallafi yana da ranar yankewa, shi kuwa maganin ƙanjamau ana shan sa ne iya tsawon rai. Don haka wajibi ne jiha da ƙananan hukumomi su sa aikin cikin kasafinsu, su haɗa shi da sauran ayyukan asibiti na yau da kullum.

Mai son sanin matsayinsa sai ya tuntuɓi cibiyar lafiya mafi kusa da shi, ko babban asibitin Kazaure ko na Babura. Allah ya ƙara mana lafiya.