Kwarin Matsirga da Duwatsun Kagoro

Matsirga wuri ne da ruwa ke kwararowa daga kan dutse a kusa da garin Madakiya, daf da Kafanchan, a kudancin jihar Kaduna. Ruwan yana tasowa ne daga maɓuɓɓugan duwatsun Kagoro, ya gangaro ya faɗo daga tsayin kimanin mita 30 cikin wani kwari mai duhuwar itatuwa, ya taru a ƙasa kamar tafki kafin ya ci gaba da tafiya. Daga garin Fadan Kagoma ana biyowa ta Kafanchan a isa wurin.

Wanda ya leƙa daga cikin mota bai ga Matsirga ba, sai wanda ya taka da ƙafa. Shi ne zai ji rugugin ruwan tun kafin ya hango shi, feshin ya jiƙa masa riga, ya ga gansakuka ta lulluɓe duwatsu. Wasu kan ce babu babban tafki a nan irin na tsaunukan Suwizalan, hanya kuma ba ta da kyau, ga rikice-rikicen da yankin ya sha fama da su. Maganar hanya da tsaro gaskiya ce, amma gyara take nema, ba ƙaurace wa wurin ba. Batun girma kuwa, da damina ruwan yakan cika ya batse har ya ishi ido kallo. Mai zuwa ranar 1 ga Janairu zai kuma tarar da bikin gargajiya na Afan a garin Kagoro. Ya kamata baƙo ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, ya kuma kiyayi santsin dutse.