Ladan Hussein da sunan da ta ɓoye

A ƙarshen 2011 wata matashiya ta fito a shirin kiɗa na Jools Holland a talabijin ɗin BBC, jita a hannu, ba ado ba kwalliya. Da ta buɗe baki sai zauren ya yi tsit. Murya ce mai kauri da ɗan kaushi, irin ta dattijuwar da ta ga jiya ta ga yau, alhali mai ita ba ta daɗe da haura shekara ashirin ba. An gabatar da ita da sunan Cold Specks, ita kuma ta ce a kira ta Al Spx. Duk biyun ba sunan yankanta ba ne.

Sunanta Ladan Hussein, 'yar Somaliyawa ce da ta tashi a unguwar Etobicoke ta birnin Toronto a Kanada. Ta bar jami'a ta tafi Landan neman sa'a a waƙa, sai ta lulluɓe kanta da sunan aro don kada abin ya taɓa gidansu. Duk wanda ya san yadda ake kallon 'ya mace mawaƙiya a gidan Musulmi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Cold Specks ɗin ma daga littafin Ulysses na James Joyce ta tsinto shi.

Faifanta na farko, I Predict a Graceful Expulsion, ya fito a 2012, ya kuma kai zagayen ƙarshe na kyautar Polaris ta Kanada. Kiɗan kaɗan ne, muryar ce ke ɗauke da kayan: mutuwa, shakku a kan imani, kewar gida. Ta sha daga tsofaffin waƙoƙin coci da na gona na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, aka kuma liƙa wa salon suna "doom soul", wato waƙar zuci mai duhu. Mawaƙi Moby ya gayyace ta faifansa na 2013, sannan faifanta Neuroplasticity ya biyo baya a 2014 da kiɗa mai nauyi da ƙaho.

A ganina, 2017 ce shekarar da ta fi muhimmanci. Kafin nan ta riga ta ajiye Al Spx ta koma Ladan, sai ga faifanta Fool's Paradise, inda a karon farko ta rera wasu baituka da Somaliyanci, har ta ambaci Araweelo, sarauniyar nan ta tatsuniyoyin Somaliya. Ashe waƙar da take ɓoye wa gida a gidan ta samo asali: mahaifinta na cikin mutanen ƙungiyar makaɗa ta Iftin, wadda ta yi tashe a Mogadishu a shekarun 1970, kafin yaƙin basasa ya tarwatsa makaɗan birnin. Ta koma ta saurari tsofaffin faifan bidiyo na wancan zamani, sautin ya shiga nata kiɗan, ya yi laushi.

Daga nan aka daina jin ɗuriyarta shekaru. Daga baya ta fito fili ta faɗi cewa ta yi fama da ciwon ƙwaƙwalwa har an kwantar da ita a asibiti, maganar da mutane da yawa ke rufewa saboda kunya. A wurinmu ladan shi ne mai kiran sallah, a Somaliyanci kuwa sunan mace ne mai nufin lafiyayya. A 2025 ta dawo da faifai na huɗu, Light for the Midnight, muryar nan tana nan da kaurinta.