Malamin Ƙwallon Kwando na Samaru

Idan mutum ya bar Sabon Garin Zariya ya kama hanyar Funtuwa, ba zai yi nisa ba sai ya iske Samaru. Waɗannan wurare biyu duk baƙi ne suka raya su. Sabon Gari hanyar jirgin ƙasa ce ta haife shi, watau ma'aikatan reluwe da 'yan ciniki daga Kudu suka zo suka kafa bukkoki. Samaru kuwa gonar gwaji ce aka buɗe a 1922, sa'an nan a 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, gari ya cika da malamai da ma'aikata da 'ya'yansu, kowa da irin bakinsa.

Cikin baƙin nan akwai wani Ba'amurke, Oliver B. Johnson, wanda almajiransa suka taƙaita sunansa suna ce masa OBJ. Aikinsa koyar da ƙwallon kwando a jami'a.

Wannan wasa kansa wani malami ne ya ƙago shi. A 1891 James Naismith, mutumin Kanada, yana koyarwa a garin Springfield na Amurka, sanyi ya hana samari fita fili, sai ya rataye kwandunan 'ya'yan itace biyu a cikin zaure, tsawon ƙafa 10 daga ƙasa, ya ce a jefa ƙwallo ciki. Har wa yau tsawon nan bai sake ba. Yanzu mutum biyar biyar ke karawa, da hannu ake yi, ba a sa ƙafa.

To, a ƙasarmu tamaula ita ce sarauniyar wasanni, don ko lemo yaro ya samu ya sami ƙwallo. Ƙwallon kwando kuwa sai da daɓe, da ƙarfen ratayewa, da wanda zai tsaya a kanka yana gyara maka hannu. Nan ne amfanin Johnson ya fito. Bai tsaya ga ɗaliban jami'a kaɗai ba, yaran gari ma ya karɓe su, ya shekara aru-aru yana wannan aiki a Zariya. Mu lura, malaman waje da yawa sun zo Samaru, suka yi 'yan shekarunsu suka naɗe tabarma. Shi ya zauna. Koyar da yara kuwa noman dabino ne, wanda ke shirin tashi baɗi ba ya fara shi.

Cikin yaran nan akwai Masai Ujiri. An haife shi a Ingila a 1970, aka kawo shi Zariya yana ƙarami. Uwarsa likita ce 'yar Kenya, ubansa ɗan Nijeriya mai aikin asibiti. Da fari tamaula yake yi kamar kowa, sai da ya kai shekara 13 ya koma ƙwallon kwando. Ba a daɗe ba, a 1984, aka ji labarin Hakeem Olajuwon, ɗan Ikko, shi aka fara zaɓa a babbar gasar Amurka da ake kira NBA. Yaran Samaru suka ga ashe abin ba tatsuniya ba ne.

Masai ya tafi Amurka karatu, ya yi wasa a Turai, amma bai zama gwanin da duniya ta sani a fili ba. Baiwarsa ta ido ce, watau ya dubi yaro ya san abin da zai zama. A 2002 ya kama aikin neman 'yan wasa ga ƙungiyar Orlando, ba ko kwabo na albashi. A 2010 aka ba shi riƙon ƙungiyar Denver, a 2013 ya koma Toronto. Cikin watan Yuni na 2019 ƙungiyarsa ta cinye gasar NBA, karon farko da kofin ya ƙetare iyakar Amurka, ya tafi ƙasar Naismith.

Ranar murna irin wannan, jaridu mai riƙe da kofi suke ɗauka hoto, ba mai tambayar wa ya fara sa masa ƙwallo a hannu. Mu Hausawa kuwa ba haka muka saba ba. Almajiri ko ya zama alƙali, in ya ga malaminsa na allo sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. A nan Masai ya yi halin mutanen garin da ya tashi, gama sau da yawa in an tambaye shi mafarinsa yakan ambaci Zariya, ya ambaci OBJ. A ganina wannan ya fi lambar da za a rataye a bango ta yi ƙura.

Bai kuma tsaya ga yabon baki ba. Tun 2003 ya kafa ƙungiyar Giants of Africa, wadda ke tara samari, daga baya har da 'yan mata, ana koya musu wasa da ladabi a ƙasashe da dama. A 2021 ƙungiyar ta ɗauki alkawarin gina filayen ƙwallon kwando 100 a Afirka.