Daga Tukunyar Tafasa Allura Zuwa Rigar Da Ake Ƙonawa

Mu da muka yi ƙuruciya a shekarun 1960 mun ga lokacin da malamin asibiti ke da safar hannu ɗaya tak ta roba, wadda yakan wanke, ya tafasa tare da allurai, ya shanya don aikin gobe. Ba mu ga aibun haka ba a lokacin, hasali ma burge mu yake yi.

Ita wannan safa ba don kare majinyaci aka fara ɗinka ta ba. Wajen 1890 ne likitan tiyata William Halsted na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya sa kamfanin Goodyear ya yi wa wata nas mai taimaka masa, saboda ruwan kashe ƙwayoyin cuta yana cin fatar hannunta. Wadda ake sawa sau ɗaya a yar kuwa sai a 1964 ta fito kasuwa.

Amma 'yan uwa, darasin da ya fi kusa da mu a Arewa aka koye shi, kuma da rayuka aka biya kuɗinsa. A Janairun 1969 wata nas ta asibitin mishan da ke garin Lassa, a Jihar Borno ta yau, mai suna Laura Wine, ta kamu da zazzaɓin da ba a san irinsa ba. Aka kai ta Jos, a can ta rasu. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta da ɗan yanka a yatsa, ita ma ta bi ta. A 1970 Dakta Jeanette Troup ta yanke hannunta tana binciken gawar wani da cutar ta kashe, ba ta tashi ba. Sunan garin ne ya zama sunan cutar, kuma har gobe, duk rani, ɓera na kawo ta gidaje, ma'aikatan lafiya na cikin masu mutuwa.

Ranar 20 ga Yuli 2014 Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Dakta Ameyo Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata; ta kamu, ta rasu a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, 8 suka mutu. A lokacin ne yawancinmu muka fara ganin cikakkiyar rigar a talabijin: daga kai har ƙafa, da tabarau, da takunkumi, da safa biyu a kowane hannu. Zafinta ba ya barin mutum ya wuce kimanin sa'a guda a ciki. Cire ta ya fi sa ta haɗari, domin cutar na manne a bayanta. Sannu a hankali ake tuɓewa, wani na tsaye yana lura, sannan a ƙone ta. Ga wanda ya tashi a gidan da ba a yar da tsumma, wannan ƙonawa na da ciwo a ido, amma ita ce amfanin rigar.

Korona ta zo a 2020, kayan suka yi wuya har a Turai. Ku da ke birane kun ga sun dawo cikin shaguna. A ɗakin shan maganin garinmu kuwa, har yau mijin mai naƙuda ake aikawa kemis ya sayo safar da ungozoma za ta sa, wani lokaci da tsakar dare, kemis ɗin a rufe.