Makafi, Guragu da Kutare a Birnin Kano: Tarihin Sana'arsu da Matsayinsu

Wanda duk ya saba wucewa ta bakin Kasuwar Kurmi, ko ta ƙofar Masallacin Juma'a na cikin birni, ya ga makafi da guragu da kutare jere suna jiran sadaka, ba wuya ya zaci bara ita ce kaɗai gādon waɗannan bayin Allah tun fil azal. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Nufin wannan maƙala shi ne ta bi diddigin yadda nakasassun Kano su ka riƙa neman abinci tun daga ƙarni na 19 har zuwa yau, ta nuna abin da tsohon tsari ya ba su da abin da ya hana su, sa'an nan ta auna shi da dabarar da a ke yayi yanzu a ƙasashen duniya, watau sa nakasasshe aiki a cikin jama'a tare da mai tallafa masa.

Kalmomin da a ke kiransu da su

Ya kamata a fara da kalmomi, gama harshe shi ne rumbun da al'umma ke ajiye ra'ayinta. Bahaushe na da ba ya tara su duka a suna ɗaya sai nadiran. Yakan ce makaho, gurgu, kuturu, bebe, kurma, kowa da sunansa, kowa da jama'arsa. In ya so ya haɗa su sai ya ce musakai ko miskinai, kalmomin da su ka samo asali daga Larabci, inda miskin ke nufin matalauci. To, a nan harshe ya riga ya yanke hukunci: ya ɗaure nakasar jiki da talauci da igiya ɗaya. Lafazin "masu buƙata ta musamman" kuwa baƙo ne, rediyo da ofisoshin Gwamnati su ka yaɗa shi a 'yan shekarun baya.

Amma karin magana ya fi kalmomin adalci. Hausawa na cewa kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano, watau abin hannu shi ke sayo wa mutum daraja ko yaya jikinsa ya ke. Suna kuma cewa in makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse ne, watau ba a raina dabararsa. Har wa yau Bahaushe ya bambanta bara da roƙo. Maroƙi mai sana'a ne, yana sayar da yabo, mai bara kuwa yana karɓa ne don Allah, abin da ya ke bayarwa shi ne addu'a.

Unguwa da sarauta

Shaida mafi tsufa da Turawa su ka rubuta a kan wannan al'amari ita ce ta Kyaftin Hugh Clapperton, wanda mutanen ƙasar nan su ka sani da suna Abdullahi. Ya shigo Kano ran 20 ga Janairu, 1824, zamanin Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. Ya ba da labari cewa makanta ta yi yawa a garin, kuma a cikin ganuwa akwai unguwa guda ta makafi, mai tsabta, mai ɗakuna masu kyaun gini. Ya ce suna da wani kaso da su ke samu daga wajen Sarki, suna kuma bara a kasuwa da kan hanyoyi. Ba a yarda wani ya zauna cikinsu ba sai bayinsu, ko mai ido ɗaya da a kan karɓa jefi-jefi. An kuma gaya masa guragu na da irin wannan mazauni, amma bai gan shi da idonsa ba. Sunan Makafin Dala, unguwar da ke kusa da Dutsen Dala, yana nan har yau yana tuna wa mutane wannan tarihi.

Abubuwa biyu sun fito fili daga wannan labari. Na farko, hukuma ta ɗauki nauyin makafi a matsayin jama'a mai hakki a kanta, bisa ga abin da Shari'a ta tanada na zakka da sadaka. Na biyu, makafin ba matsiyata ba ne duka, tun da har akwai masu bayi a cikinsu.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne sarauta. Akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, da Sarkin Bebaye, a kan naɗa musu rawani da yardar fada, su kuma su naɗa nasu 'yan majalisa da sunayen sarautu irin na fada. Sarkin shi ke raba gardama tsakanin mutanensa, shi ke saukar da baƙon da ya zo daga ƙauye, shi ke karɓar sadakar manya ran Juma'a da lokacin Salla ya rarraba, shi ne kuma bakinsu wajen hukuma. Ta haka makahon da ya shigo birni bai san kowa ba yakan sami masauki, da abokan zama, har da matar aure.

Sana'o'insu

Sana'ar da a ka fi sanin makafi da ita ita ce tufkar igiya, ta rama da ta kaba. Aiki ne na yatsu da tafin hannu, ido ba shi da rabo mai yawa a ciki. Kasuwarta kuwa ba ta mutuwa a garin da kowane gida ke jan ruwa da guga, a ke ɗaure dabbobi a turke, fatake kuma ke ɗaure kaya bisa jakuna da raƙuma. Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa, tana kusa da su. Hanya ta biyu ita ce ilmi. Makaho yakan haddace Alƙur'ani da ka, ya yi ladanci, ya karantar, kuma malamai ba su rasa hujja ba, gama Sahabi Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, ya yi wa Annabi ladanci, an kuma sha barinsa ya riƙe Madina. Hanya ta uku ita ce rera waƙoƙin wa'azi. Malam Aliyu Namangi na Zariya, wanda ya rasu a 1990, makaho ne tun yana ƙarami, kuma makafi masu bara sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa Imfirajinsa a ƙasar Hausa.

Guragu sun fi karkata ga sana'o'in zaune, kamar ɗinkin hula da dukanci da ƙananan saye da sayarwa. Bebaye da kurame kuwa ba su cika barin sana'ar gidansu ba, suna noma, suna ƙira, suna gini tare da 'yan'uwansu, domin suna da harshensu, maganar hannu, wanda masu ji da yawa ke iya taɓawa. Constanze Schmaling ta nazarci wannan harshe a Kano, ta buga littafi a kansa a 2000. Kutare su ne abin ya fi yi wa tsanani, don cutar na cin yatsu, mutane kuma na ƙyamar abin da su ka taɓa, saboda haka bara ta zama musu kusan dole.

Kada a ƙawata tsohon tsari fiye da kima. Ya ba mutum mazauni da mutunci, amma ya kewaye shi. Makaho ba ya tsammanin ya fita daga sana'o'i biyu ko uku da a ka yanka masa, kuma ɗan jagoran da ke riƙe masa sanda yaro ne da a ka raba da karatu da koyon sana'a.

Zamanin Turawa

Bayan Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, kuɗin ƙasa ya koma baitulmalin En'e, a na kashe shi bisa lissafin da Razdan ke dubawa. Sarautun nakasassu sun wanzu, amma sabon tunani ya shigo, wanda ke kallon nakasa a matsayin ciwo da likita zai duba. A 1937, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, mishan ta S.I.M. ta karɓi aikin kula da kutaren lardin Kano, mazauninsu kuwa shi ne Yadakunya, nesa da ganuwa. A can majinyata na noma, suna koyon sana'a da karatun boko, waɗansu har su ka zama ma'aikatan ɗakin shan magani. A 1943 mishan ɗin ta buɗe asibitin ido a wajen birni, gama ba a yarda mishan ta zauna cikin ganuwa ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dapsone ta fara warkar da kuturta, har ya zamana ba lalle a tsare mutum a sansani ba.

A Ingila ma a lokacin nan ra'ayin ke nan: a keɓe wa nakasassu wurin aiki nasu. Dokar 1944 ta wajabta wa manyan ma'aikatu su cika kashi 3 cikin 100 na ma'aikatansu da nakasassu, ta kuma haifar da masana'antun Remploy. A 1950 John Wilson, wanda shi kansa makaho ne, ya kafa ƙungiyar taimakon makafi ta Daular Ingila, wadda a yau a ke kira Sightsavers. A Nijeriya an buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, da wurin koya wa makafi noma da sana'a a Ikeja a 1957. Illar irin waɗannan wurare ɗaya ce: a koya wa mutum saƙar kwando ko kujera, a sallame shi ba jari, ba mai saye, ba maigidan da zai tsaya masa. Da yawa sukan koma bara, don ta fi kawo kuɗi. A halin nan kuma igiyar roba da famfo da mota na ta kashe kasuwar igiyar rama.

Bayan samun mulkin kai

Cututtukan da ke haddasa nakasa sun ja baya ɗaya bayan ɗaya. An ga ƙarshen agana, wadda ta makantar da mutane da yawa, a Nijeriya a 1970. Shan inna ta daɗe, musamman bayan dakatar da rigakafi a Jihar Kano daga 2003 zuwa 2004, wanda ya bar yara da yawa da shanyewar ƙafa. Mai ɗauke da nau'in cutar na asali na ƙarshe a Kano an same shi a 2014, kuma a 2020 a ka tabbatar Afirka ta rabu da wannan nau'i. Yaran da ta shanye a wancan lokaci su ne samari da 'yan mata masu neman aiki yanzu.

Abin lura shi ne misali mafi kyau ya fito ne daga nakasassun kansu. Ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa ta Kano, wadda Aminu Ahmad Tudun Wada ya jagoranta, ta kafa wurin walda inda guragu ke ƙera kekunan guragu da lilon makarantu su sayar, su kuma koya wa na baya. Wannan tsohon tsari ne a sabuwar riga: jama'a, da shugaba, da sana'a mai kasuwa.

Ta fuskar doka kuwa, Jihar Kano ta hana bara a kan tituna a 2013, Hukumar Hisba ta shiga kamawa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 a kan hakkin nakasassu a 2010, kuma a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna musu bambanci, ta kuma nemi ma'aikatun Gwamnati su ba su aƙalla kashi 5 cikin 100 na gurabun aiki. Doka ta rufe ƙofar bara, ta yi alkawarin buɗe ta aiki. Matsalar tana tsakanin ƙofofin biyu, domin gurbi a takarda ba ya kai mutum ofis, ba ya kuma koya masa aikin.

Aiki tare da mai tallafi

Wannan giɓi shi ne abin da a ka yi ƙoƙarin cikewa a Amurka da dokokin 1984 da 1986. Dabarar ta juya tsohon tsari: maimakon a horar da mutum a keɓe sa'an nan a neman masa aiki, sai a fara sama masa aiki na gaske mai albashi a cikin masu lafiya, a haɗa shi da wani wanda zai koya masa a wurin, ya sasanta shi da maigida da abokan aiki, ya riƙa janyewa sannu a hankali gwargwadon yadda mutumin ya tsaya da ƙafarsa. Ingila ma ta bi wannan hanya, ta rufe masana'antun Remploy na ƙarshe a 2013.

Ba daidai ba ne a fassara sunan wannan mataimaki da ɗan jagora, gama jagora ba ya sakin sanda har abada. Abin da ya fi kusa da shi a al'adar Kano shi ne dangantakar maigida da yaronsa a kasuwa: a kai yaro wajen mai sana'a, wani babba ya tsaya masa, ya koya a bakin aiki, ran da ya ƙware a yaye shi da jari. Kurmi, da Kantin Kwari, da marinar Ƙofar Mata, da rumfunan dukawa da maɗinka, duka a kan wannan tsari su ke tafiya. Abin da ya rage shi ne mai tsayawa: wanda zai kai makaho ko kurma wajen maigida, ya iya maganar hannu ko rubutun makafi, ya zauna da shi makonnin farko. Sarakunan nakasassu sun san mutanensu, shugabannin kasuwa sun san masu gida, Hukumar Zakka da Hubusi da a ka kafa a 2003 kuwa aikinta ne tara abin da za a iya yin jari da shi.

Horar da irin wannan mai tsayawa aikin kwalejojin horon malamai ne, samar masa kalmomin aiki da Hausa kuwa aikin sassan nazarin harshe ne. Birnin da ya ware wa makafinsa unguwa da kaso tun shekara 200 da su ka wuce ba ya bukatar a koya masa tausayi. Abin da ke gabansa shi ne ya ba jikokinsu wurin zama a cikin rumfa, a ɓangaren mai sayarwa.