Gero Ɗaya, Tukunya Biyu: Tarihin Abin Sha a Ƙasar Gobir

Wanda ya bi gaɓar Gulbin Rima daga Sabon Birni, ko ya bi Bunsuru ya gangara Isa, zai ga ƙasa iri biyu a jere da juna. Akwai fadama mai ba da shinkafa da albasa da kifi, akwai kuma jigawa mai rairayi, wadda babu abin da ke jin daɗinta kamar gero. A kan wannan gero aka gina Gobir. Shi ya ciyar da Alƙalawa, birnin da Sarki Babari ya mayar da shi gidan sarauta a tsakiyar ƙarni na 18, wanda kufansa ke cikin ƙaramar hukumar Sabon Birni har yau. Shi ne kuma Buzaye ke sauke kantun gishirin Balma domin su ɗauka su koma Arewa da shi. Masu tarihi sun cika littattafai da yaƙe-yaƙen sarakunan Gobir, irin na Bawa Jangwarzo da na Yunfa, amma abin da mayaƙan nan suke sha da rana tsaka bai samu mai kula da shi ba.

A wancan zamani gero yana shiga tukunya biyu. Ta farko ta kowa ce, watau ta fura. Ta biyu ta Anna ce, masu bin addinin gargajiya, waɗanda ke jiƙa gero ko dawa har ya yi tsiro, su shanya, su niƙa, su dafa, su bari ya kwana ya zama giya. Kada mai karatu ya ɗauka shaye-shaye ne irin na mashayar birni. A wajen Anna giya tana cikin tsarin rayuwa: da ita ake sallamar 'yan gayya, ana fito da ita a bikin aure da zaman mutuwa, ana zuba ta a wurin tsafin gida kafin a taɓa sabon hatsi. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana nazarin mutanen kwarin Maraɗi da Tsibiri, ya tarar da Anna da al'adunsu a tsakiyar ƙarni na 20, haka ma Joseph Greenberg ya tarar a wajen Maguzawan ƙasar Kano. Gobir ta sarakuna Musulma ce tun da daɗewa, sai dai fada tana tafiya da malamai a hannu ɗaya, da Inna uwar 'yan bori a ɗaya hannun.

Wannan gauraye na daga cikin abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wa'azi a kai. A littafinsa Kitabul Farƙi, inda ya jera halayen mulkin da yake suka, ya ambaci ci da sha ba tare da duba halal da haram ba. A jihadin da Shehu ya jagoranta, Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. Gobirawa ba su sallama ba. An yi yaƙin Gawakuke a 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasara, waɗanda suka tsira suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. A tsakiyar ƙarnin ne Ɗan Halima, wani ɗan sarautar Gobir, ya bar Tsibiri ya dawo kusa da tsohuwar ƙasar kakanninsa ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa sansani ce ta Daular Usmaniyya, a hannun zuriyar Bello, tana tsaron wannan iyaka. Garuruwa biyu ke nan da aka kafa suna hararar juna, amma abin da ake damawa a cikin gidajensu iri ɗaya ne.

Tukunyar giya ba ta fashe a rana ɗaya ba. Ta ja da baya ne a hankali, daga gari zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa 'yan tsirarun gidaje, yayin da Musulunci ke ƙara kama ƙasa. Gurbin da ta bari a wajen karɓar baƙo da ɗaurin aure da suna, goro ne ya cike shi, wanda fatake ke ɗaukowa tun daga Gwanja. Gurbinta a gona kuwa, fura da kunu suka gaje shi.

Fura ba abinci ba ne da ake yi da garaje. Mace za ta surfa gero, ta bakace dusa, ta wanke, ta daka, ta tankaɗe, ta koma kan tsaki ta riɓɗa shi har ya yi laushi. A cikin dakan ake zuba citta da kanunfari da masoro da ɗan barkono, kowane gida da nasa ma'aunin, har akan gane furar wata daga ƙanshinta. Sai a cura, a jefa a tafasasshen ruwa, a tsame, a mayar turmi a kirɓa har ta yi danƙo, a sake curawa a barbaɗe da gari. Wannan shi ne dawo. Aikin safiya guda ne cur, kuma gobe ma sai an sake. Sa'an nan a kawo nono, a dama a ƙwarya da ludayi, a rufe da faifai. Mai gida ya sha da azahar, a kai wa 'yan gona, a rage wa yara. Idan ta ragu a ƙara ruwa ta zama farau-farau, wanda baƙo zai fara kurɓa kafin a tambaye shi gajiya. A gidaje da yawa na wannan yanki tuwo na dare ne, ɗumamensa na safe, tsakaninsu kuwa fura ce ke riƙe da ciki.

Matafiyi ma da ita yake tafiya. A bazarar 1853 Heinrich Barth, Bajamushen da Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya yada zango a Sansanin Isa a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno. Daga nan ayarinsu ya shiga dajin Gundumi, tafiyar kwana da yini babu hutu, saboda tsoron harin Gobirawa. A irin wannan hanya ba a hura wuta, balle a ɗora tukunya. Guzurin da ya dace da ita shi ne salkar ruwa da dawo ko gumba, abin da mutum zai dama a tsaye ya sha ya wuce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin ƙwaryar nan shi ne ba gida ɗaya ke cika ta ba. Geron na manomi ne, nonon na makiyayi. Bafillatana ce mai nono a ruga, ita ke kaɗa shi ta fitar da mai, ta ɗauko kindirmo da tsala zuwa gari, ta sayar ko ta karɓi hatsi a madadinsa. Bayan girbi manomi kan gayyaci mai shanu ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, a biya da dami. Shekarun da sarakuna suka kwashe suna gwabzawa tsakanin Sakkwato da Tsibiri ba su tsinke wannan ciniki ba. Kowace rana Bagobiri yana shan abin da ba zai haɗu ba sai da hannun Bafillace.

Akwai ƙasa a Turai da ta ɗauki abin shanta na yau da kullum da muhimmancin da ya kamata mu ɗauki namu, watau Beljiyam. Nasu giyar sha'ir ce, abin da addininmu ya haramta, kuma ba ita nake sha'awa ba. Kulawar da suka yi ce abin dubawa. Sun adana tarihin gidajen ibadar Kirista irin su Orval da Chimay da Westmalle, inda limamai ke dafa ta. Sun kare sunan nau'in da ake kira lambik, wanda ake barinsa a buɗe a kwarin kogin Senne iska ta kawo masa ƙwayoyin da za su tsimar da shi, hanyar da ba ta da nisa da yadda nono ke kwana ya yi tsami a ƙwaryar da ta saba. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada tasu cikin jerin gadon al'adun bil'adama.

Beljiyam ɗin ma tana da hannu a tarihin abin sha na ƙasar Hausa. A babban birninta, Burasels, ƙasashen Turai suka yi taro a ƙarƙashin Sarki Leopold na Biyu, suka sa hannu a yarjejeniyar 2 ga Yuli, 1890. Batun cinikin bayi ne kan gaba, amma an haɗa da hana shigar da barasar Turai duk wani yanki na Afirka da mutanensa ba su saba da ita ba, ko addininsu ya hana. Da Ingila ta ci Sakkwato a 1903, Gwamna Lugga ya tsaya a kan wannan ƙa'ida a Arewa, alhali a Kudu kuɗin fiton barasa na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati. Saboda haka kwalbar da ta mamaye garuruwan bakin teku ba ta samu kasuwa a Isa da Sabon Birni ba. Lokacin da Jihar Sakkwato ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, a wannan yanki doka ta tarar da abin da jama'a suka riga suka zauna a kai.

Iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta bar Tsibiri a Nijar, Sabon Birni a Nijeriya. Ta raba haraji da harshen makaranta, ta kasa raba tukunya. Yunwar Kakalaba ta 1914 da farin 1973 sun kwashe rumbuna a ɓangarorin biyu, shanu suka mutu, aka sha fura da ruwa zalla ko da tsamiya. Amma da damina ta dawo, ruga ta dawo bakin gari.

Abin da ke faruwa yanzu daban ne. Tun wajejen 2019 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, dubban mutane suka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Runji. A watan Mayu na 2020 an kashe mutane fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A 2021 gwamnati ta katse layukan waya, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa. Manomi yana biyan kuɗi kafin a bar shi ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Makiyayin da bai ɗauki bindiga ba an kore masa shanu, kuma matarsa tana tsoron shigowa gari da ƙwarya a ka, domin kallon da za a yi mata. Nonon gari na kanti ya shiga gidajen da a da ba su san shi ba.

Gero zai sake tsirowa, in Allah ya kawo zaman lafiya. Abin da ke cikin haɗari shi ne sanin da ke kan tsofaffin mata: wace maiwa ta fi daɗin fura, yaya ake kunun kanwa ga mai jego, wane ma'auni ake bi wajen musayar nono da hatsi a kasuwar Isa shekaru 60 da suka wuce, waɗanne waƙoƙi ake yi a bakin turmi. Da yawa daga cikin matan nan yanzu suna zaman gudun hijira a cikin garin Isa da Sabon Birni da Sakkwato da Gidan Runji, inda mai bincike zai iya isa gare su. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da sashen tarihi da Cibiyar Nazarin Hausa, Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu tana da ma'ajiya, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana Maraɗi. Aikin yana buƙatar ɗalibai mata masu jin karin harshen Gobir, da na'urar ɗaukar murya, da izinin shiga gida.