Daga Aji zuwa Gadon Sarauta: Aikin Sarkin Gwandu Haruna Rashid



Abin da za mu duba a yau shi ne yadda ake horar da shugaban jama'a, kuma za mu ɗauki misali daga ƙasar Gwandu, wadda ta miƙa daga Birnin Kebbi har Bagudo da Ka'oje da Illo, a kan iyakar ƙasar Benin. Ita wannan iyaka Ingila da Faransa ne suka shata ta bisa yarjejeniyar 1898, ta raba dangi da kasuwanni. Saboda haka duk wanda zai riƙi wannan ƙasa lalle ne ya san halin Fulani makiyaya, da Dandawa, da masunta na bakin Kwara, da fatake masu ƙetare iyaka.

An haifi Alhaji Haruna Rashid a 1913. Bayan makarantar Birnin Kebbi ya shiga Kwalejin Katsina, inda aka horar da mafi yawan shugabannin Arewa na farko. Ya fara aiki da malanta, ya koyar a Midil ta Sakkwato. Daga nan aka mai da shi aikin baitulmali, ya yi ma'aji a Gusau, sa'an nan ya zama Ma'ajin En'e ta Gwandu. A shekarun 1940 aka naɗa shi Sarkin Gobir na Kalgo, watau hakimin gundumar.

Ya kamata mu lura da abin da kowane mataki yake koyarwa. Malami yana koyon haƙuri da bayani. Ma'aji yana koyon cewa kuɗin haraji da jangali amana ce, kowane kwabo sai an rubuta inda ya shiga da inda ya fita, domin a wancan zamani daga nan ake biyan alƙalai da 'yan doka da malaman asibiti. Hakimi kuwa a lokacin shi ke fita rangadi, ya ƙidaya masu biyan haraji, ya sasanta manomi da makiyayi a kan burtali. Da Sarki Yahaya ya rasu a 1954, aka naɗa Haruna Sarkin Gwandu, ya hau gado ya riga ya san aikin daga tushe. A 1957 ya zama Shugaban Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa a Kaduna, ya riƙe wannan muƙami har juyin mulkin 1966.

To, a nan ne jarrabawar take. Bayan 1966 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya miƙa baitulmali da aikin mulki ga majalisun ƙananan hukumomi, ya bar wa sarakuna shawara. Ƙasarsa ta fita daga Jihar Arewa zuwa Jihar Arewa maso Yamma a 1967, zuwa Jihar Sakkwato a 1976, zuwa Jihar Kebbi a 1991. Duk da haka ya ci gaba da sarauta cikin mutunci har rasuwarsa a 1995, shekara arba'in da ɗaya a kan gado. Ikon doka ya tafi, amma jama'a ba su daina kawo ƙara da neman sulhu a fada ba, gama abin da ya rage masa shi ne yarda, ita kuwa ba a ba da ta da takardar gwamnati.

Darasin da ke nan ga ɗalibi da ma'aikaci shi ne, muƙami aro ne, hukuma na iya karɓe shi da dare ɗaya. Wanda aka tura ƙauyen kan iyaka kada ya ɗauka horo aka yi masa. Can ne zai san mutane da sunayensu, ya koyi riƙon amana tun kuɗin da ke hannunsa kaɗan ne. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.